Ranar Da Tayar Motata Ta Fita A Hanyar Bauchi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan'uwana direbobin haya da kanikawan da muke kai wa gyara. Maganar a kan wani ɗan guntun ƙarfe ce da nake kira kan aksul, wanda ba a ganinsa sai an kwance taya an zare duram ɗin birki, amma a daminar bana saura ƙiris ya zama ajalinmu mu bakwai, da jaririya ta takwas.

Ni direba ne a nan Jos. Golf 3 wagon nake ja tsakanin Jos da Bauchi, tafiyar kusan kilomita 130, wata rana sawu biyu, wata rana ɗaya idan kasuwa ta yi sanyi. Motar tawa ce. Da kuɗin adashi da na wata 'yar gona da na sayar na haɗa na saye ta, kuma ita ce cinmu ita ce shanmu, ni da iyalina.

Abin ya fara ne da wani ƙugi daga baya, ta hannun dama. Cikin gari ba na jinsa, amma da zarar na wuce Naraguta na ba ta wuta sai ya taso, wuuu, kamar jirgi daga nesa. Da farko na ɗora wa taya laifi, domin tayoyin da muke sawa 'yan Beljiyam ne, wasu sun ci gefe ɗaya, su ma suna irin wannan kuka. Na cire ta na sa safaya, ƙugin yana nan. Sai kuma na lura idan na karya kwana hagu, nauyin mota ya kwanta a dama, kukan yana ƙaruwa, idan na karya dama ya lafa. Duk wanda ya daɗe a bakin sitiyari ya san wannan kukan boris ne, wato zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya da taya take juyawa a kansa. Ni ma na sani. Amma lokacin biyan kuɗin makarantar yara ne, sai na yi kwana goma ina kai mutane Bauchi ina dawowa da wannan kuka a kunnena, kullum ina cewa gobe.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin irin wannan mota ba: Golf da tayoyin gaba take ja, na baya bi kawai suke yi. A bayan akwai wani dogon ƙarfe da ya ratsa daga wannan taya zuwa waccan, shi ne aksul. A kowane ƙarshensa an ɗaure wani guntun ƙarfe mai tsini da noti huɗu, tsawonsa bai kai taƙi ba, bakinsa kuma bai wuce kaurin babban yatsa ba. Shi nake nufi da kan aksul. A kansa boris biyu suke zama, babba daga ciki, ƙarami daga waje. Duram ɗin birki yana juyawa a kan boris ɗin, taya kuma a jikin duram take ɗaure. Ke nan duk abin da aka ɗora a wannan ɓangare na mota, fasinja ne ko buhu, wannan ɗan ƙarfe ne ke ɗauke da shi, kuma duk ramin da taya ta faɗa shi ke shan dukan.

Da na kai gareji aka zare duram, giris ya ƙone ya zama baƙi kamar kwalta. 'Ya'yan boris na ciki sun farfashe. Zoben boris ɗin, wanda ya kamata ya zauna cak, ashe ya daɗe yana juyawa a jikin kan aksul har ya cinye wurin, ya bar masa gurbi kamar an bi shi da zarto, ƙarfen kuma ya sauya launi ya yi shuɗi-shuɗi. Aka kawo sabon boris aka zura, maimakon ya kama sai ya riƙa girgiɗi. Bakaniken ya dube ni ya ce, "Oga, wannan ba sai an saya ba, yanzu za mu ciko shi." Ya aiki yaronsa ya samo gwangwanin madara, ya yanko siriri ya naɗe wurin, ya doka boris a kai da guduma. Kuka ya ɗauke, na biya kuɗi kaɗan, na tafi ina murna. Mako biyu kukan ya dawo. Wannan karon sai aka kira mai walda ya zuba wa wurin ƙarfe, aka goge da injin gurza har boris ya shiga, aka ce mini yanzu ya fi sabo ƙwari.

Ba zan faɗi sunan garejin ba. Ba don in tozarta kowa na ɗauki alƙalami ba, kuma rabin laifin nawa ne, domin da ya ce a sayi wani kan aksul, na san da na yi ta ƙorafi ina neman mai sauƙi. Yawancin kanikawanmu abin da aljihun mai mota yake so su faɗa suke faɗa.

Ranar da abin ya faru da safe ne, an kwana ana ruwa. Na yi lodi yadda muka saba, biyu a gaba, huɗu a baya, cikinsu har da wata mata mai goyo, but kuma da buhun dankalin Turawa biyu da kabeji, an ɗaure murfi da igiya. Mun wuce Tilden Fulani, ba mu kai Magama ba, sai ga shanu suna tsallaka titi, na sassauta sosai. Na fara ƙara wuta ke nan na ji wani kas daga baya, motar ta durƙushe ta gefen dama, ƙarfe yana gurzar kwalta. Na taka birki ya nutse kusan ƙasa, domin da duram ya fita babu abin da ya tare takalman birkin, man birki ya samu hanya ya zube. Da giya na rage gudu har na samu ta tsaya a bakin titi. Tayar kuwa, da duram ɗinta a jiki, ta gangara cikin wata gonar masara. Babu wanda ya yi ko ƙwarzane, alhamdu lillahi. Matar nan ta fito ta zauna a ƙasa cikin laka, ta kwance goyonta ta rungume, ta kasa cewa komai sai salati. Da shanun nan ba su tare mu ba, da a guje nake, kuma na san irin gudun da nake yi a wannan wuri.

Janwe ya jawo motar zuwa Farin Gada, wurin wani dattijon bakanike da abokan aiki suka nuna mini. Ya koyi aiki tun zamanin da Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna take cike da hanyoyin Arewa. Bai yi mini faɗa ba. Ya kwance guntun da ya rage a jikin aksul, ya wanke shi da fetur, ya ce, "Ɗana, matso ka gani da idonka." Fuskar wurin da ya karye kashi biyu ce. Ɓangare ɗaya ya yi duhu, ya yi sumul, har da tsatsa-tsatsa. Ɗayan fari ne mai ƙyalli, da tsakuwa-tsakuwa kamar gishiri. Ya ce mai duhun nan tsohuwar tsaga ce, ta daɗe tana ci a hankali, duk rami ta ƙara kaɗan, farin kuma shi ne abin da ya rage yana riƙe da mu, shi ya ƙarasa ranar. Mai duhun ya fi rabi nesa ba kusa ba. Sai a lokacin jikina ya ɗauki rawa, domin na gane makonni na yi ina ɗibar 'ya'yan mutane a kan ƙarfen da bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba.

Na ce, "Baba, to ai walda ƙarfe ta ƙara masa, me ya sa zai karye?" Ya ce in tuna da maƙeri. Idan ya ƙera gatari yakan gasa shi ya tsoma a ruwa, ya ba shi ƙwarin da ya dace, kuma idan ka mayar da wannan gatari wuta ka lalata aikin. Haka kan aksul yake, tun daga masana'anta an gasa shi an daidaita ƙwarinsa. Shuɗin nan da na gani ranar farko alama ce zafin boris ya riga ya taɓa shi. Wutar walda kuma ta zo ta ƙarasa: wurin da ta taɓa ya yi tauri mai gautsi, gefensa ya yi laushi, ƙananan tsagogi suka buɗe a tsakani. Kuma inda aka yi waldar dab da gindin ƙarfen ne, daidai inda nauyi ya fi taruwa. Ban da haka, hannu da injin gurza ba za su taɓa fitar da ƙarfe ya zagaye daidai ba, don haka boris a karkace yake zaune tun ranar da aka sa shi. Gwangwanin madara kuwa bai ma tsaya yi mini bayaninsa ba, girgiza kai kawai ya yi.

Da kansa ya raka ni Dilimi. Aka fito mana da kan aksul ɗan Beljiyam guda uku, ya ƙi biyu. Ɗaya zaren da noti ke bi ya mutu, ɗaya kuma da ya bi shi da farce ya ji gurbi a mazaunin boris. Na ukun ya juya shi a rana ya tabbata babu shuɗi babu alamar walda, ya murza noti da hannu ya shiga lafiya har ƙarshe, ya gwada sabon boris ya zauna daram babu girgiɗi, sannan ya ce in biya.

Na zauna a kan benci na kalli aikin daga farko har ƙarshe, kuma ban taɓa ganin an yi wa motata aiki da natsuwa irin wannan ba. Bai yarda da jak kaɗai ba, sai da ya tokare motar da ƙarfen tallafi. Ya kankare tsatsar da ke fuskar aksul inda sabon zai zauna, ya ce ko ƙwayar yashi aka bari a wurin taya za ta karkace ta riƙa cin gefe. Farantin birki ya gurzu a kwalta, shi ma aka sauya, da takalman birki da silinda da bututun mai, domin noti huɗun nan su ne ke riƙe da farantin da kan aksul gaba ɗaya. Notin sababbi ya sa, ya ɗaure su a gicciye da sifana mai awo, irin wadda ke yin ƙas idan ƙarfin ya kai. Daga nan ya koma kan duram. Ya fitar da tsofaffin zobban boris da ke ciki ya buga sababbi a hankali, kowane gefe daidai, yana faɗa wa yaransa cewa sa sabon boris a tsohon zobe asarar kuɗin mai mota ce. Ya ɗebi giris a tafin hannu ya riƙa danna boris a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen, ba shafawa sama-sama ba. Ya sa sabon sil, wato zoben robar da ke hana giris fita da ruwa shiga.

Inda ya fi daɗewa shi ne ɗaurin babban noti na tsakiya, kuma a nan nake roƙon kanikawa su ba ni kunne. Ya ɗaure yana juya duram da ɗaya hannun don boris ya zauna, sai ya sassauta, sai ya sake ɗaurewa kaɗan-kaɗan. Akwai wata washa a bayan notin. Ya ɗora bakin sukundireba a jikinta ya tura da yatsa kawai, ba tare da ya yi mata ɓanɓara ba. Ya ce idan ta ƙi motsi an matse da yawa, boris zai yi zafi ya ƙone, idan kuma tana yawo an bar shi sake, taya za ta riƙa kaɗawa. Ana son ta motsa da ƙyar. Sau nawa na ga yaro ya ɗora dogon bututu a kan sifana ya haye da ƙafa, wai don kada taya ta fita! Bayan haka ya sa murfin noti, ya zura sabuwar 'yar ƙusar nan mai baki biyu ya tanƙwara ƙafafunta. A tawa ta da, ƙusar kafinta aka sa. Ya rufe da hular da ke hana ƙura shiga, aka fitar da iska daga birki, sannan ya ce a buɗe ɗaya gefen ma, tunda tare suka sha wahalar hanya. Giris ɗin can ya koma ruwan madara, alamar ruwa ya shiga, saura kaɗan shi ma ya fara kuka.

Edita, idan aka haɗa kuɗin janwe da duram da kayan birki da kuɗin motar da na mayar wa fasinjoji da kwana biyar da na yi ba aiki, sun ninka kuɗin wannan kan aksul sau da yawa. Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake kawo mana daga kasuwar Ladipo ta Legas da garin Nnewi suka yi tashin gwauron zabo, direban da ke kai balas kuma mai mota ba ya son jin kalmar gyara. Amma a tuna da shekarun motocin nan. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Golf 3 a 1991, wagon ɗinta ta ƙarshe ta fito a 1999, ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25, ta gama aikinta a Turai kafin ta zo mana. An ƙera ta ne don mutum biyar da jakunkunansu. Mu kuma muna ɗora mata bakwai da buhunan dankalin Bokkos da tumatirin Farin Gada, mu bi ramuka, mu kutsa cikin ruwan Yuli da Agusta da duram mai zafi, ruwa ya bi ta tsohon sil ya lalata giris. Ga kuma jabun boris da ake sayarwa a kwali mai kama da na SKF ko Koyo, wanda wani ko wata biyu ba ya yi. Ni ma ina cikin masu wannan lodi, kuma tun ranar na rage na but.

Ba mu masu Golf kaɗai abin ya shafa ba. Masu Corolla da Sienna, nasu hob ɗin baya a rufe yake zuwa, boris da mazauninsa a haɗe, ba a buɗe shi a sa giris, idan ya fara kuka sai dai a kwance noti a sauya shi ɗungurungum, amma za ka ga ana fasa shi ana cusa giris a mayar. Masu Hiace da Hilux da tsohuwar 504 wagon kuma, da tayoyin baya suke ja, dogon shaf ne ke fitowa daga tsakiyar aksul zuwa taya. Su idan suka ga mai yana tsatsowa ta cikin tayar baya, kada su ce ɗan mai ne kawai: sil ya mutu, mai yiwuwa boris ne ya kashe shi, kuma man nan takalman birki yake jiƙawa. Masu irin waɗannan motoci da yawa ta Hawan Kibo suke gangarawa zuwa Akwanga da Abuja, da mutum sama da goma a ciki.

Mutanenmu sukan ce ai komai ƙaddara ne. Gaskiya ne, kuma ƙaddara ce ta kawo shanun nan. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, ni kuwa ban ɗaure nawa ba, na ji kukansa kwana goma na ƙyale.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu a tashoshin Jos, daga Bauchi Road zuwa Gada Biyu da Farin Gada, shi ne a ajiye jak ɗaya a kowace tasha, a ware rana ɗaya a mako. Kafin mota ta shiga layi a ɗaga bayanta, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a juya ta a saurara. Ba ya cin minti biyar. Wadda aka ji tana ƙwas-ƙwas ko tana gurnani, a ce ta je ta gyara ta dawo, a kuma riƙe mata layinta don kada tsoron rasa lodi ya sa direba ya ɓoye. A hanya ana duba takardunmu da tayoyi da abin kashe gobara, duk suna da muhimmanci, amma wannan ciwon ba ya nunawa daga waje, mu da muke kwana da motocin ne kaɗai za mu iya kama shi. Direba kuma idan ya sauke fasinja, ya kai bayan hannunsa kusa da tsakiyar tayoyin baya, dama da hagu. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, ko ya ji ƙaurin giris, kada ya sake lodi.

Ga kanikawa, ku ne idonmu a inda ba ma gani. Idan kun zare duram kun ga kan aksul ya ci, ko ya yi shuɗi, ko zarensa ya mutu, ku ce a sauya, ku tsaya a kan haka ko da mai motar zai yi fushi ya tafi wani gareji. Shugabanninku su ja wa masu walda kunne su daina taɓa wannan ƙarfe. Fasinja ma yana da baki: wanda ke zaune a baya ya fi direba jin wannan ƙugi, kuma babu rashin kunya idan ya ce, Malam direba, bayan motar nan yana kuka.

Matar nan mai goyo, wata mota na tsayar na sa ta a ciki ta ƙarasa Bauchi. Ban san sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba. Idan wannan jarida ta isa hannun wani nata, ina neman ta yafe mini. Guntun ƙarfen da ya karye kuwa Baba ya ba ni, yana cikin akwatin gaban motata a naɗe da tsumma. Duk direba ko bakaniken da yake son ganin bambancin ɓangaren mai duhu da farin, ya tambayi mai Golf ɗin da tayarsa ta fita a tashar Bauchi Road, bayan sallar Asuba kafin layi ya zo kaina.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.

Naka,
Wani direban haya,
Unguwar Rogo, Jos.